Direban Da Ya Ƙi Danna "Na Gani"

Kiret dubu ɗaya da ɗari biyu motarsa ke ɗauka, kowane kiret ƙwai talatin. Kai ma lissafa: ƙwai dubu talatin da shida ne a bayan mutum guda, kuma ko ɗaya a cikinsu bai san uzuri ba. Ka taka birki da garaje, su amsa maka. Ka faɗa rami, su amsa maka. Shi ya sa a garejin kamfanin dakon kaya, inda manyan motoci arba'in da uku ke kwana, babu mai lallaɓa mota irinsa. Da can Mai Ƙwai ake kiransa. Daga baya suna ya koma Bangani, kuma ba don ƙauna aka laƙaba masa ba.

Ba da sitiyari ya fara neman abinci ba. A gidan gona ya taso, cikin wani ɗaki mai duhu, aikinsa haska ƙwai: ya ɗaga kowanne gaban fitila, mai kyau dama, bara-gurbi hagu. Abu biyu ya fito da su daga wannan ɗaki, ido da ba ya yarda sai ya gani, da hanci da ba ya yafe wa wari. Har yau in abu bai yi masa ba, hancin ne ke fara tattarewa kafin baki ya buɗe. Da ya koyi tuƙi ya yi aure, ƙanin matarsa ne ya yi masa hanya a kamfanin. Shi wannan ƙanin, siminti yake ɗauka, tan talatin a tirela, don haka Mai Siminti ake ce masa. Mutum ne mai faɗin kafaɗa da faɗin baki, kuma bai taɓa barin mijin yayarsa ya sha ruwa cikin salama ba.

Sai kamfani ya kawo akwati. Kowace mota aka ɗaura mata nata a gefen sitiyari, girmansa bai kai bulo ba, da ɗan allo da maɓallai. Aikinsa shi ne motoci su riƙa gaya wa juna abin da ke kan hanya. Ka ga rami, ko hatsari, ko cunkoso, ka danna, akwatinka ya miƙa wa na motar da ke kusa, ita ma ta miƙa gaba. Inda motoci suka yi ƙaranci an kafa sandunan ƙarfe a bakin titi, su karɓi saƙo su riƙe wa mai zuwa. Don kada maƙaryaci ya ɓata gari, duk motar da ke cikin kilomita biyar da wurin, akwatinta zai tambayi direba: Ka gani? Maɓalli biyu ne, kore "Na gani", ja "Ban gani ba". Kowa ya fara da maki ɗari. Wanda maganarsa ta saɓa wa ta masu yawa, a cire masa biyu. Wanda ya yi ƙasa da talatin, babu akwati ko sandar da za ta sake karɓar saƙonsa.

Ranar da aka ɗaura, Mai Ƙwai ya fi kowa murna. Shi da ke neman a gaya masa rami tun kafin ya iso! Ya goge allon da gefen rigarsa, ya ce yau an yi abin hankali.

Hankalin bai kai wata uku ba.

A tsakiyar doguwar hanya, kafin a fara gangara, akwai wata rumfar abinci mai benci shida, da fanka, da talabijin da ba ta gajiya da ƙwallo. Kamfani ya ba direba ɗan lokaci ya ci abinci, ba ya yi barci ba. To amma in akwati ya nuna cunkoso, ofis ba ya tuhumar kowa da latti. Wani mai wayo ya gano wannan. Sai ka ga mota tara, goma, sha biyu sun jeru a bakin rumfar, ɗaya ya danna "Cunkoso", sauran su danna "Na gani", kowa ya cire takalmi ya miƙe a benci. A allon ofis kuwa, ga motoci goma tsaye cik a wuri ɗaya, duk sun shaida. Wa zai ce ba cunkoso ba ne?

Shi ba ya tsayawa a rumfar, don ƙwai da zafin rana ba sa shiri. Yana zuwa akwati ya yi ƙara: Cunkoso a nan. Ka gani? Ya duba titi, fayau, ko akuya babu. Ya duba gefe, ga ƙafafu a jere a kan benci, tafin kowace ya yi baƙi. Hanci ya tattare. Ya danna ja. Goma da ɗaya, in ji akwati, aka cire masa biyu.

"Kai, mijin yaya!" Mai Siminti ya tare shi a gareji, gaban mutane. "Wai idonka ne ya lalace ko yatsan ne ya karkace? Mutum goma su ce sun gani, kai ka ce ba ka gani ba?"

"To ban gani ba."

"Ka ji shi! Malam Bangani!" Gareji ya ɗauki dariya, sunan ya zauna daga ranar. "Ba wanda ya ce ka yi ƙarya fa. Kara ake nema. Ɗan'uwanka ya yi magana, sai ka tsinka shi a kasuwa?"

"Ba kasuwa ba ce, hanya ce. Da wannan akwatin nake taka birki."

"Da shi mu kuma muke barci. Kowa da amfanin da ya samu."

"Kai siminti kake ɗauka, ko daga sama ka faɗo da shi ba ya fashewa. Shi ya sa kanka ma ya koma irinsa."

"Na gode. Gara kan siminti da kan ƙwai. In an kore ka, ka dawo mana da yayarmu da kayan ɗakinta cif, ko cokali kada ya ɓata."

"In za ka yi maganar mayar da kaya, fara da alamata."

Alamar nan ce ja mai kusurwa uku da direba ke kafawa a titi in mota ta lalace. Mai Siminti ya ara tun bara. Ya ce gobe. Kullum gobe.

Abin da ya fi ci wa Bangani rai ba barcin ba ne. Mutum ya gaji ya kwanta, wannan tsakaninsa da manaja. Ƙazantar ita ce yatsa ya saba. Tun ana danna kore saboda rumfa, har ya zama ko ina akwati ya yi ƙara, hannu ya kai kansa ba tare da ido ya ɗago ba, kamar mai korar ƙuda. Wani ya danna "Rami" da gwiwar hannu cikin kuskure, mutum takwas su shaida ramin. Sau nawa Bangani ya rage gudu, ya lallaɓa ƙwai dubu talatin da shida saboda ramin da ba a haife shi ba? Sau nawa kuma aka ce an cike wani, ya je ya same shi da bakinsa a buɗe? Akwatin da ya goge da rigarsa ya zama kamar tulun da kowa ke wanke hannu a ciki, a ce kuma shi ya sha.

Maki na ta zuba. Ɗari ya koma tamanin, tamanin ya koma hamsin da huɗu. Na Mai Siminti kuwa casa'in da takwas, yana sheƙi.

Ranar da ya kai talatin daidai, matar da ke zaune gaban babban allon ofis ta aika a kira shi. Mai Allo ake ce mata. Tana da tabarau da kofin shayin da ya huce, ba ta da lokacin kowa.

"Zauna. Ka ga wannan layin? Kai ne. Duk garejin nan babu wanda na'ura ta ɗauka maƙaryaci sai kai."

"Ranki ya daɗe, ki aika mutum ɗaya rumfar nan ya duba."

"In aika wa? Duk wanda zan aika, mota zai hau, mai motar kuma a rumfar yake cin abinci." Ta cire tabarau ta murza ido. "Kana ganin ban sani ba? Cunkoson da ba ya tashi sai lokacin ƙwallo? Na rubuta wa na sama, suka ce mota goma ba za su yi ƙarya ba. Na'ura ba ta da ido, ƙidaya kawai ta iya. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi."

"To ni yaya ke nan?"

"Doka ce, ba tawa ba. Ranar da ka shigo gareji da ƙasa da talatin, makulli a kan teburin nan. Dannawa ɗaya ta rage maka. In ba za ka iya kore ba, ka sa hannunka a aljihu mana."

"In na yi shiru akwatin ba ya daina ƙara."

"To ka zaɓa, ƙarar akwati ko ta yara."

Yara uku ne, duk mata, babbar tana ajin ƙarshe a sakandare. A gida ya tarar da matarsa a gaban keken ɗinki, bakinta cike da fil. Labari ya riga shi isowa, don ƙaninta ba ya riƙe magana. Ta ciro fil ɗin ɗaya bayan ɗaya ta soka a hannun riga.

"Baban yara, maɓalli ne fa. Ba rantsuwa aka ce ka yi ba."

"Shaida ce."

"Shaidar me? Wa aka kashe? Mutane sun yi barci, shi ke nan. Kai kaɗai ne mai gaskiya a duniya?"

"In kika auna mace kika samu talatin da takwas, ta ce ki rubuta talatin da huɗu don ƙawayenta na kallo, za ki rubuta?"

"Zan rubuta mana," ta ce, ta taka keke. "In ta tafi in yanka talatin da takwas. Shi ake kira zama da mutane."

Ya fita ya wanke ƙafa, ya daɗe yana wankewa.

Washegari aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya tun asuba, bai ɗauke ba sai da hantsi. Da azahar ya iso rumfar, rana ta fito, kwalta na tururi. Mota goma sha biyu ya ƙirga. Mai Siminti na tsaye jikin tirelarsa yana saka takalmi, injinsa na aiki, alamar ya kusa tashi. Ya ɗaga wa mijin yayarsa babban yatsa yana nuna masa dannawa, yana dariya.

Akwati ya yi ƙara. Cunkoso a nan. Ka gani?

Allah ya sani ya kai yatsa kan kore. Ya tuna kuɗin jarrabawar babbar 'yarsa, ya tuna teburin Mai Allo. Sai ya ɗaga ido: titi wankakke, babu komai a kansa sai hasken rana. Hanci ya tattare, kamar bara-gurbi ya fashe masa a hannu. Ya danna ja. Ashirin da takwas.

"To, an gama," ya faɗa wa sitiyari, ya sa giya ya fara gangara.

Kilomita huɗu daga rumfar akwai wata kwana mai kaifi, dutse a dama, kwari a hagu, ba ka ganin gabanka sai ka shanye ta. Da yake a hankali yake tafiya, shi ya cece shi. Yana shan kwanar ya ga titi ya ƙare. Ruwa ya cinye ƙarƙashin kwalbati, kwalta ta rufta daga wannan gefe zuwa wancan, rami mai haɗiye mota da direbanta. Ya taka birki har ƙasa. Daga baya ya ji amsar ƙwai, wani dogon ƙas-ƙas mai ciwo. Mota ta tsaya, hancinta na leƙen ramin.

Ya danna "Hatsari". Akwati ya nemi sandar da ke kan tudu, wadda duk mai gangarowa zai wuce ta gabanta. Amsa ta dawo a allo: Ba a karɓa ba. Ya sake dannawa. Ba a karɓa ba. Ya ciro waya, babu sabis, a kwarin nan ba a taɓa samu ba. Ya buɗe bayan kujera neman alama, ya tuna inda take.

Tan talatin na siminti na nan tafe, a hannun mutumin da ke gangara da waƙa a baki, akwatinsa kuma na gaya masa hanya lafiya lau. Ya ruga ya ɗaga masa hannu? Babu direban da ke tsaya wa mai ɗaga hannu a daji. In ma ya gane shi, cewa zai yi Bangani ne ya zo da wa'azi, ya yi masa hon ya wuce.

Ya buɗe bayan mota. Ruwan ƙwai ya zubo masa a ƙafa. Ya rungumi kiret shida masu rai, ya hau tudu da gudu, ya wuce kwanar, ya ci gaba har inda titi ya miƙe, ya baza su a tsakiyar hanya. Ya koma ya ɗebo shida. Yana sauke na biyun ya ji kukan injin daga sama. Ya fasa kiret biyu a kan kwalta da gangan don launin ya fito, ya koma gefe ya cire riga yana kaɗawa.

Tirelar ta bayyana. Sai ihun birki, hayaƙi na tashi daga tayoyi, ta murƙushe kiret goma sha biyu kamar ba a ajiye komai ba, ta ja jiki, ta ja jiki, ta shiga kwanar tana huci. Bangani ya bi ta da gudu. Ya same ta tsaye, tsakaninta da bayan motar ƙwai bai fi tsawon benci ɗaya na rumfa ba.

Mai Siminti ya diro, fuskarsa ta koma kalar kayansa. Ya dubi ramin, ya dubi mijin yayarsa, ya zauna daɓas a kan kwalta.

"Da na hango ƙwai a titi," ya ce, "cewa na yi ka kife. Mai ƙwai ɗaya ne a hanyar nan. Ina ta tunanin abin da zan gaya wa yaya." Ya ɗago kai. "Me ya hana ka aiko saƙo?"

Bangani ya kama shi a hannu, ya kai shi gaban allonsa, ya nuna masa. Wurin ya cika da warin ƙonannen birki da ƙarnin ƙwai a kan kwalta mai zafi, ƙudaje har sun fara sallama.

"Tashi ka danna naka," in ji Bangani. "Kai ne mai gaskiya. Casa'in da takwas."

Mai Siminti ya hau ya danna. Kafin ya ɗauke yatsa sandar ta karɓa. Suna tsaye suna kallon allon, sai lamba ta fara hawa. Na gani, ɗaya. Na gani, huɗu. Bakwai. Goma sha ɗaya. Bangani ya waiwaya ya dubi kwanar: babu mota ko ɗaya, babu mutum ko ɗaya, daga su biyu sai ƙuda. Mutum goma sha ɗaya, kwance a benci kilomita huɗu daga nan, sun ga ramin.

Ya juya gefe ya tofar da yawu.

Da ya koma gareji, makullin na hannunsa tun daga bakin ƙofa. Ya ajiye a teburin Mai Allo. Ta tura masa abinsa da bayan biro.

"Ɗauki. Saƙonka da aka ƙi karɓa yana nan a ajiye cikin akwatinka. Na'ura ta duba ta ga kai ka fara faɗa, kuma mutum goma sha biyu sun tabbatar. Ta mayar da kai sittin."

"Goma sha biyu."

"Haka ta ce."

"Ɗaya ne ya gani, ranki ya daɗe. Sauran ko takalmi ba su saka ba."

"Na sani."

"Wato hannayen da suka tura ni rami su suka ciro ni, kuma duk biyun ba su duba ba."

"Kana son aikin ko ba ka so?"

Yana so. Yara uku ne. Ya ɗauki makullin da yatsa biyu, yadda yake ɗaukar bara-gurbi a ɗakin duhu, ya sa a aljihu. Kiret ɗari da sha huɗu aka rubuta sun fashe, aka yafe masa saboda shaidu sun yi yawa.

A gida matarsa ba ta ce masa ka kyauta ba, ba ta kuma ce ka ga irinta ba. Ta karɓi wandon da ƙwai ya bushe a jikinsa, ta jiƙa a bokiti, ta ce ƙaninta ya zo ɗazu ya bar saƙo. A bayan ƙofa yake jingine: alamar nan ja mai kusurwa uku, ƙafarta ɗaya a karye, an ɗaure da waya.

Da aka gyara kwalbati aka buɗe hanya, Bangani ya sake bi ta gaban rumfar da lodinsa. Mota goma, har da tirelar siminti. Akwati ya yi ƙara: Cunkoso a nan. Ka gani? Shaidu tara ne a allo, ba goma ba. Can ƙarshen benci ya hango Mai Siminti zaune, hannayensa biyu a hammata, yana kallon talabijin kamar an ɗaure masa wuya. Bai danna kore ba. Jan ma bai danna ba.

Bangani ya yi lissafi, don lissafin ba wuya: daga sittin zuwa talatin, biyu-biyu, gaskiya goma sha biyar ke nan aka ba shi izinin faɗa, ta sha shida kuma makulli. Ya ja dogon tsaki, ya dubi titi fayau, ya danna ja.

Saura goma sha huɗu.